Tuwon dare a Nima: tambayoyin da ake yawan yi min kan miya da girkin gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a unguwar Nima ta birnin Akra, ƙasar Gana, aka haife ni, aure ya kai ni unguwar Mamobi, gidan haya muke mai ɗakuna da yawa, kowace mace da kurfotinta, wato murhun gawayi, a bakin ƙofarta, to kun san irin gidan nan ba a ɓoye girki, ƙamshi ne ke tona asiri. Sama da shekara 20 kenan ina ɗora tukunyar dare ta mutum 9. Amare da 'yan mata, har da samarin unguwa, kullum sai an tare ni da tambaya, a wajen suna ne ko a bakin famfo ko a hanyar kasuwa, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shi yasa nace bari in tattara su waje guda in amsa iya abin da hannuna ya sani.

Anti, me yasa ayoyona baya yauƙi? Sai ya fito kamar ruwan ganye.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa. Ayoyo dai shine ganyen da 'yan uwanmu na Kano da Sakkwato ke kira lalo, kuma yauƙin yana cikin ganyen tun daga gona, ke dai aikinki kar ki kashe shi. Abu na farko da ke kashe shi ruwa ne. Yawancin amare sai su cika tukunya kamar zasu dafa wake, alhali ruwan ayoyo kaɗan ne, wanda zai ɗan sha kan ganyen kawai. Ki tsinke ganyen ki yar da itacen, ki wanke tun kafin ki yanka, in kika yanka sannan kika wanke toh yauƙin ya bi ruwa ya tafi kwata. Ki ɗora ruwan da 'yar kanwa kamar ƙwayar wake, daddawa dakakkiya da garin busasshen kifin nan amane, su tafasa tare sai ƙamshin daddawar ya tashi, sannan ki zuba ganyen. Kar ki rufe tukunyar, dan Allah kar ki rufe, in kika rufe zai yi baƙi kuma zai zubo miki kan wuta. Minti 5 zuwa 8 ya ishe shi. Ki ɗauko 'yar tsintsiyar miya ko maburgi ki kaɗa shi sosai, gishiri a ƙarshe, ki sauke. Ba a sa masa mai, ba a sa masa tumatir, wannan aikin jar miya ne da zaki zuba a gefe.

Sai maganar kanwa, tunda wasu in sunga bai yi yauƙi ba sai su ƙara kanwa su ƙara. Kanwa in ta yi yawa miya takan yi wani ɗanɗano kamar sabulu, ga ɓata ciki. In ganyen ya tsufa ne ko ya kwana biyu a leda ya yi yaushi, ki haɗa da ɗanyar kuɓewa guda 4 ko 5 ki goga a ciki, ta fi miki ƙarin kanwa sau goma.

Tuwon zafina kullum da gudaji, wani lokacin kuma ya yi tauri kamar banku, tuwon ƙullun masara mai tsami. Ina matsalar?

Tuwon zafi ba banku bane ƙanwata, taushi ake nema, irin wanda in kika taɓa malmalar zata ɗan girgiza. A arewa, su Tamale da Bolga da Wa, da gero ko dawa da yawa suke yi, mu nan Akra mun saba da garin masara haɗe da kokonte wato garin rogo. Ni awona masara biyu kokonte ɗaya, in ina so ya ƙara santsi na ɗan ƙara kokonten.

Gudaji daga talge yake farawa. Ki dama garin masara da ruwan sanyi tukuna ya narke tas, sannan ki zuba cikin ruwan da ke tafasa kina juyawa, ki barshi ya dahu kamar koko, minti 10 ko fiye, kar ki yi gaggawa a nan dan tuwon da talgensa bai nuna ba shine ke warin gari kuma shi ke saurin lalacewa kafin safe. In ya nuna ki ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku ki ajiye a kwano. Ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa garin da kika haɗa kaɗan kaɗan kina tuƙawa da muciya kina danne shi a jikin tukunya. In ya fara ƙarfi sai ki dawo da talgen da kika ajiye ki sassauta shi da shi, ba da ruwan sanyi ba. Ki rufe ya turara minti 5, ki sake tuƙawa, ki kwashe da mara a jiƙe. Ki tuna tuwo yana ƙara ƙarfi in ya huce, dan haka ki sauke shi tun yana ganin kamar ya yi ruwa kaɗan.

Jar miyata tana tsami ko na sa sikari. Me zan yi?

Ki daina sa sikari. Tsamin tumatir wuta ce ke kashe shi. Ki markaɗa tumatir da barkono da albasa ki tafasa su su kaɗai ba mai har ruwan ya ƙone ya zama kamar kwaɓi. A wata tukunyar ki soya albasa mai yawa, ki sa tumatirin gwangwani ki soya shi shi kaɗai sai launinsa ya koma ja mai duhu, sannan ki juye dafaffen tumatirin. Wuta ƙasa ƙasa, kina juyawa, har mai ya taso sama ya rabu da miyar. In mai bai taso ba miya bata gama ba, ko miji na bakin ƙofa yana jira. Romon naman da kika dafa da citta da tafarnuwa da kanumfari da kimba shi zaki sassauta ta da shi. In akwai tumbi da ganda, wadda maƙwabtanmu ke kira wele, ki dafa su daban tun da wuri saboda sun fi nama cin wuta.

Hajiya dunƙulen magi nawa ya kamata in sa a tukunyar mutum 6?

Nan ne nake so ku tsaya ku ji ni da kyau, dan abun yana damuna. Na sha ganin yarinya ta ɓare dunƙule 7, 8 ta watsa a miya ɗaya, ta ƙara garin ɗanɗano na leda, ta ƙara gishiri, ga busasshen kifin nan koobi a ciki wanda shi kansa gishiri ne zalla. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi babba kar ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abincin yini gaba ɗaya fa, ba kwano ɗaya ba. Ku duba gidajenmu na zango ku gani, gida nawa ne babu mai shan maganin hawan jini? Mahaifiyata ta yi shekaru tana fama da shi kafin Allah ya karɓi abarsa, tun lokacin na sauya hannuna.

Tukunyar mutum 6 ni biyu nake sawa, wani lokacin ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa ture kwano. Abin da ke kawo daɗi na gaskiya daddawa ce da busasshen kifi da albasar da ta soyu da kyau da ƙashin da ya daɗe a wuta. Ki sayi amane da busasshen jatan lande ki cire kai da ƙaya ki ɗan gasa a kasko ki daka ki zuba a kwalba, cokali biyu na wannan garin yana yin aikin dunƙule uku. Kakanninmu da suka sauko da fataucin goro da shanu suka kafa zangonnin nan da daddawa suka yi miya, kuma har yau tsofaffi na cewa miyar da ta fi daɗi. Kar ki yanke lokaci ɗaya mutanen gida su gane, ki riƙa rage ɗaya ɗaya duk sati, harshe yana sabawa.

Maigidana yace baya son warin daddawa. In daina sawa?

A'a, ki gyara yadda kike sawa. Daddawar da aka jefa a ƙarshe ita ke wari. Ki daka ta da albasa, ki sa ta tun farko ta dahu da ruwan miya, ko ki soya ta cikin mai tare da albasa, warin zai tafi ƙamshin ya zauna. Kuma ki nemi ta ƙalwa ta asali wadda ake kawowa daga arewa, in kin fasa zaki ga ƙwayar a ciki.

Duk ranar da nayi miyar gyaɗa sai cikin yara ya ɓaci. Gyaɗar ce ko ni ce?

Yawanci gyaɗar ce bata nuna ba. Miyar gyaɗa, ko gujiya kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa, bata son mai sauri. Ki dama markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ruwan ɗumi da ɗan tumatirin gwangwani, ki ɗora ta ita kaɗai a ƙaramar wuta kina juyawa ba tsayawa dan tana kamu nan da nan, har sai kinga mai ya fara fitowa yana taruwa a gefe. Sai ki ƙara ruwa ki tace ta cikin naman da ya riga ya sha kayan ƙamshi. Ki jefa tumatir da albasa da barkono ɗungurungum su dahu a ciki, ki tsamo ki markaɗa ki mayar. Daga nan kuma a ƙalla minti 40 tana ɓararraka, murfi a karkace saboda tana son zubowa. Alamar ta nuna, kumfa ya ɓace, jan mai ya kwanta a sama.

Kaza mai tauri ko zabo su suka dace da ita, kazar firiza narkewa take kafin gyaɗar ta nuna, in ita kika samu toh ki tsame ta ki mayar daga baya. Mu gidanmu ranar Lahadi ce ranar omo tuo da miyar gyaɗa kamar yadda rabin garin nan ke yi, omo tuo ɗin ma ai tuwon shinkafarmu ne, sunan ma bai ɓoye ba.

Wani abu kuma, in da hali ki sayi gyaɗarki ki tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna ki zubar, ki soya ki kai inji da kanki. Gyaɗa mai fumfuna tana da guba mai taɓa hanta wadda dafuwa bata kashewa, kuma in an riga an markaɗa ba yadda zaki gane, ga wasu masu sayarwa na haɗa ta da gari dan ta yi auki.

Kuka fa, ya ake hana ta gudaji?

Ki rage wuta sosai ko ki sauke tukunyar, hannu ɗaya na barbaɗawa ɗaya na kaɗa maburgi. Ki mayar wuta minti 5 shikenan. Wajen saye ki zaɓi kore shar, wadda ta koma ruwan ƙasa ta sha rana ko ta tsufa. Busasshiyar kuɓewa ma haka ake mata.

Ana iya yin waakye da dare ko na safe ne kawai?

Wa ya hana? Dan dai an saba ganin layi da safe wajen masu sayarwa ne. Abincinmu ne tun asali, shinkafa da wake, daga kalmar wake sunan ya fito. Ki jiƙa waken, ki ɗora shi da karan dafi da kika wanke da 'yar kanwa, kanwar ce ke jawo jan launin daga karan. In waken ya yi rabin nuna ki tsame karan ki zuba shinkafa, ruwa daidai, wuta kaɗan. Da dare bana tara masa kaya da yawa, jar miya da shito, wato soyayyen yajin barkono, da dafaffen ƙwai ko soyayyen wagashi, wato cuku, ya isa, taliya da gari a bar wa rana.

Tunda na ambaci shito, masu cewa nasu yana fumfuna bayan sati ɗaya, ruwa ne bai ƙone ba. Shito soyuwa yake a hankali, awa ɗaya ko biyu, har ya yi duhu ya daina tururi, mai ya rufe samansa a kwalba, kuma cokali busasshe kawai ke shiga ciki.

Na auri ɗan Kumasi, uwarsa Asante ce, shi fufu yake so da dare. Ni ko kirɓawa ban iya ba.

Allah ya ba da zaman lafiya 'yata. Wannan ba abin tashin hankali bane, zango dama haka yake, kowa ya auri kowa. Yanzu ga injin kirɓa sakwara a unguwanni da yawa, ki dafa rogo da ɗanyar ayaba ki kai a kirɓa miki. Ki maida hankali kan miyar, dan a nan surukarki zata auna ki. Miyar da suke kira nkrakra ruwa ruwa ce amma ba salam ba, naman akuya zaki turara da albasa da citta da barkono ba ruwa sai ya fitar da nasa, sannan ki ƙara ruwa, ki dafa tumatir da yalo a ciki ki markaɗa ki tace. Ta kwakwar manja kuwa, abenkwan, tana son ɗan prekese, wani ɗan itace mai ƙamshi, a ƙarshe. In zaki yi kontomire, wato ganyen gwaza, ki tabbata ya dahu sosai in ba haka ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro, koobi kuma ki jiƙa shi ki zubar da ruwan kafin ya shiga tukunya. Kuma ki je wajen surukar taki kice Mma ki koya min yadda yake so, wallahi zata ji daɗin wannan fiye da miyar ma. Ranar da kika samu dama ki tuƙa musu tuwon zafi da ayoyo, su ma suna ci, diehuo suke ce masa.

Ina kike cefane? Kuɗin miya baya isa ta kwata kwata.

Ba ke kaɗai bace. Kayan arewa, su daddawa, kuka, kanwa, karan dafi, gero, busasshen barkono, kasuwar Nima ranar Laraba, ranar ce kaya ke sauka. Ganye da tumatir na kan leƙa Malam Atta, doya kuma kasuwar Agbogbloshie wajen 'yan ƙabilar Konkomba, in kin samu irin doyar da ake kira puna ki ɗauka. Manyan dillalan albasa tun 2021 aka maida su Adjen Kotoku, da nisa, dan haka mu mata huɗu a gidanmu muke haɗa kuɗi mutum ɗaya ta je ta ɗauko buhu mu raba, haka muke yi da masara da wake ma maimakon sayen gwangwanin awo na olonka ɗaya ɗaya. Tumatir yana da lokaci, da rani yawanci daga Burkina yake zuwa, sauran lokaci daga wajen Akomadan da Techiman. In ya yi araha ki saya da yawa ki tafasa ki ƙulla a firiza, in ya yi tsada ki koma miyar da bata buƙatarsa, kuka da kuɓewa da ayoyo da alefu duk suna nan. Ba dole sai da nama kullum ba, kifi banda guda biyu da ganda suna riƙe tukunya.

Ya zan gane manja mai kyau?

Kar jan launi ya ruɗe ki. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar nan ta gano ana zuba wani rini mai suna Sudan IV a manjan da ake sayarwa a kasuwannin Akra dan ya ƙara ja, rinin kuma yana da haɗari ga lafiya. Da ido kaɗai da wuya ki tabbatar, shi yasa nake cewa ki samu mutum ɗaya da kika yarda da ita ki riƙe ta. Ni zomi nake saye na mutanen Volta saboda ƙamshinsa, wajen mace ɗaya shekara da shekaru.

In an ɗauke wuta ya zan yi da sauran miya?

Mu da muka ga dumsor na 2015 mun koyi darasi. Miyar gyaɗa da ta kwakwa da jar miya, ki tafasa su sosai kafin ki kwanta, ki rufe, kar kowa ya sake sa cokali, da asuba ki sake tafasawa. In kinga kumfa ko ta canza wari ki zubar, kar kice asara, kuɗin asibiti ya fi. Ayoyo ba a ajiye shi, ki yi daidai ci. Shinkafa ita ce mai haɗarin da mutane basu sani ba, in ta kwana a waje cikin zafin nan ɗumame baya gyara ta. Tuwo kuwa ɗumamensa da safe da sauran kuka, yarana sun fi son shi da shayi da burodi.

Mma ni gwauro ne, ina gyaran waya a Circle, shataletalen Kwame Nkrumah, sai 8 na dare nake shigowa. Me zan iya dafawa?

Sannu da ƙoƙari ɗana, kuma naji daɗi da ka tambaya maimakon kullum indomi da ƙwai. Ka koyi faten doya, nan ana ce masa mpotompoto. Ka fere doya ka yanka ƙanana, albasa, tumatir biyu, barkono, kifi banda, ruwa ya ɗan rufe, in ta yi laushi ka zuba manja ka farfasa da cokali, tukunya ɗaya minti 30 ka gama. Ka koyi angwamo, albasa ka soya a mai ka zuba shinkafa ka juya ka sa ruwa da gishiri, kafin ta nuna ka niƙa barkono da tumatir a asanka, wato kaskon niƙa, ka buɗe sadin. Ranar hutunka ka yi jar miya babba ka raba a robobi, yau da shinkafa, gobe da doya, jibi ka sayi dokunu, dafaffen ƙullun masara a ganye, a hanya ka ci da ita.

Lokacin ruwa ina shigar da kurfoti ɗaki in ƙarasa girki, wata tace ba kyau. Gaskiya ne?

Gaskiya ta faɗa miki, ki gode mata. Gawayi yana fitar da iskar da bata da wari bata da launi, a ɗaki rufe tana sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya kwanta bai tashi ba. Ruwan watan Yuni in ya tsuge ki ja kurfotin ƙarƙashin baranda inda iska ke wucewa, in kin gama ki kashe garwashin a waje. Ko da wasa kar a kwana da shi a ɗaki dan jin ɗumi, balle da jariri.

Ina aiki a kasuwar Makola, bana isa gida sai bayan magariba. Ya zan yi tuwo ya riski isha'i?

Rabin aikin ki yi shi ranar Lahadi. Ki dafa nama da ganda, ki yi jar miya ta kwana uku, ki daka daddawa da kifi, ki tankaɗe garin masara da kokonte ki haɗa su a bokiti mai murfi. Ayoyon ki saya a kasuwa ki tsinke shi nan inda kike zaune in ciniki ya lafa, ki shigo motar haya ta trotro da shi a tsinke. Kina shiga gida ki ɗora ruwan talge kafin ma ki cire mayafi, ki yi alwala ki yi sallah yana tafasa. Talge na nuna kina yanka ganye, tuwo na turara ayoyo na kan ɗaya wutar, jar miya ɗumamawa ce kawai. In akwai yarinya babba a gidan ki kira ta tun kina Circle ta hura gawayin.